Sun Yafe, Amma Ba Su Koma Gida Sun Zauna Ba

Makonni uku da suka wuce aka ɗauke mana wuta a hostal tun magariba, zafi ya kore mu daga ɗaki, muka shimfiɗa tabarma a waje. Hira ta zagaya ta zagaya, daga maganar furojet da kuɗin buga shi, ta faɗa inda ta saba faɗawa, wato tsaro. Abokin ɗakina, wanda 'yan bindiga suka taɓa tare motar da yayansa ke ciki a hanyar ƙauyensu, ya ce shi fa maganarsa ɗaya ce: a bar kowa ya sayi bindigarsa kamar yadda ake yi a Amurka, a ga wanda zai ƙara shigo wa mutane gari da dare. Sai ya juyo gare ni ya ce, "Mutumina, kai da ba ka fashin coci, ai ku ya kamata ku fara neman wannan. Ko ka manta Owo ne?"

Ban manta Owo ba. Ranar 5 ga Yuni 2022, Lahadin Fentikos, aka shiga cocin Katolika na St. Francis a jihar Ondo ana tsaka da sujada aka kashe aƙalla mutum 40. Babu Kiristan ƙasar nan da ya manta. A daren nan dai ban ba shi amsar kirki ba, na yi ta 'yan kame-kame har barci ya raba mu. Amsar ce nake so in bayar yanzu, kuma zan ɗauko ta ne daga Amurkar da ya kafa hujja da ita, domin a can akwai Kiristocin da aka harbe musu 'yan'uwa a cikin coci, kuma abin da da yawansu suka fito suna nema shi ne a ƙara tsaurara dokar bindiga. Ina ganin suna da gaskiya.

Mu fara da girman abin. Gyara na biyu da aka yi wa kundin tsarin mulkin Amurka a 1791 ya ba 'yan ƙasa damar riƙe makami, kuma a 2008 Kotun Ƙolinsu ta tabbatar cewa wannan 'yanci ne na kowane mutum a karan kansa. Wani ƙiyasi da cibiyar Small Arms Survey ta Geneva ta fitar a 2018 ya ce akwai bindigogi kusan miliyan 393 a hannun fararen hula a ƙasar, wato kamar 120 ga kowane mutum 100. Bindiga ta fi mutane yawa ke nan. A 2021 kaɗai mutum 48,830 suka mutu ta hanyar harbi, kuma fiye da rabinsu su suka harbe kansu. Wannan kashi na biyun shi ne ba ma gani a fim. Mutum ya shiga damuwa ta dare ɗaya, abin yana nan a cikin durowa kusa da gado, kafin asuba an gama.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Charleston, a jihar South Carolina. Ranar Laraba 17 ga Yuni 2015, wani saurayi farar fata ɗan shekara 21, Dylann Roof, ya shiga cocin Emanuel, ɗaya daga cikin tsofaffin majami'un baƙar fata a kudancin Amurka. Ana nazarin Littafi Mai Tsarki ne, irin wanda mu ma muke yi a tsakiyar mako, mutane kaɗan. Suka karɓe shi, suka ba shi wurin zama. Ya zauna da su kusan awa guda. Da suka rufe ido za su yi addu'ar tashi, ya ciro bindiga ya kashe tara, har da babban faston, Clementa Pinckney, wanda kuma sanata ne a majalisar jihar.

Bayan kwana biyu aka kawo shi gaban alƙali, wasu daga cikin iyalan mamatan suka tashi suka ce sun yafe masa. Nadine Collier, wadda aka kashe mahaifiyarta Ethel Lance, ita ta fara. Duniya ta ɗauka. Na tabbata wasunku sun ji wannan labarin a wa'azi, ni kam na ji shi fiye da sau ɗaya, kuma kullum a nan ake tsayawa: sun yafe, mu ma mu koyi yafiya, mu yi addu'a, amin.

Amma akwai sauran labari. A Amurka, idan za ka sayi bindiga a shago mai lasisi, sai hukumar FBI ta binciki tarihinka. Idan kwanakin aiki uku suka wuce ba su ce a ba ka ko a hana ka ba, doka ta yarda mai shago ya miƙa maka. Roof kuwa an taɓa kama shi da ƙwaya, ya kuma amsa da bakinsa, abin da ya isa a hana shi. Sai aka samu kuskure a takardun kamun, ma'aikaciyar da ke binciken ta tuntuɓi ofishin 'yan sandan da ba su suka kama shi ba, kwana uku suka cika, ya je ya ɗauki bindigarsa. Shugaban FBI na lokacin, James Comey, ya fito ya amsa cewa bai kamata a sayar masa ba. Daga baya, a 2021, gwamnati ta amince ta biya iyalan da waɗanda suka tsira dala miliyan 88.

Ita Nadine tana da 'yar'uwa, Sharon Risher, wadda ita kanta fasto ce. Ta faɗa a fili cewa ita ba ta iya yafewa a wannan makon ba, sai da ta ɗauki kusan shekara biyu tana kokawa da zuciyarta. Abin da ta yi a tsakani da kuma bayan nan shi ne yawo gari-gari da majalisa-majalisa tana neman a toshe wannan kafar ta kwana uku. Majalisar wakilai ta amince da ƙudurin mayar da shi kwana goma a 2019, ta sake amincewa a 2021, majalisar dattawa ta ƙi taɓa shi. Uwa ɗaya, gawa ɗaya suka binne, ɗaya an san ta da yafiya, ɗaya da zaryar majalisa. Ban ga inda aikin ɗaya ya rushe na ɗayar ba. Yafiya tsakaninka da wanda ya cuce ka ne, kai ke da ikon bayar da ita. Rayuwar wanda za a harbe gobe saboda wannan kafar tana nan a buɗe, wannan ba taka ba ce da za ka yafe a madadinsa.

Wannan shi ne zuciyar hujjar waɗannan mutane, kuma ba jiya suka fara ba. Bishop-bishop na Katolika a Amurka sun fitar da matsaya a kan ƙananan bindigogin hannu tun 1975, suka kuma goyi bayan haramcin sayar da bindigogi masu kama da na yaƙi da aka yi a 1994, wanda wa'adinsa ya ƙare a 2004 ba a sabunta ba. Bayan an kashe yara 20 da manya 6 a makarantar firamare ta Sandy Hook a Disamba 2012, bishop-bishop na cocin Episcopal, wato 'yan'uwan Angilikan namu na nan, suka haɗa ƙungiya a kan wannan batu kaɗai. A Philadelphia kuwa, a farkon 2009, limaman coci da mabiyansu suka je wani shagon bindiga da aka sha gano cewa makaman da ake aikata laifi da su daga nan suke fitowa. Suka nemi mai shagon ya sa hannu a wasu ƙa'idojin sayarwa, ya ƙi, suka zauna a wurin suka ƙi tashi. Aka kama 12, kotu ta sallame su, kafin shekarar ta ƙare shagon ya rufe bayan gwamnatin tarayya ta tuhume shi da sayar wa masu sayen bindiga da sunansu domin wasu.

Wanda ya fi burge ni a matsayina na ɗan poli shi ne wani Mike Martin, ɗan ɗariƙar Mennonite a Colorado, da ya kafa RAWtools a 2013. Maƙera ce sosai, da wuta da uwar maƙera da guduma. Ana kawo musu bindiga, su yanka ta, su sa bakin a wuta, su ƙera fartanya ko wani kayan lambu, saboda annabcin da ke cikin Ishaya sura 2 game da ranar da za a mayar da makaman yaƙi kayan noma. Wani lokaci uwar da aka kashe wa ɗa ake miƙa wa gudumar. Na san ba za a ƙarar da bindiga miliyan 393 da guduma ba, su ma sun sani. Amma duk wanda ya taɓa yin furaktikal a wokshop ya san ƙarfe ba shi da ra'ayi, abin da aka buga shi ya zama shi yake zama.

To, yanzu bari in yi wa abokin ɗakina adalci, domin ba shi kaɗai ba ne, kuma masu ra'ayinsa a Amurka su ma Kiristoci ne masu riƙe da Littafi. Turawa 'yan Ebanjelikal na cikin rukunin da suka fi kowa mallakar bindiga a ƙasar, kusan huɗu cikin goma. Suna kawo Luka 22, inda Yesu ya yi wa almajiransa maganar sayen takobi. Suna cewa zunubi a zuciya yake, Kayinu bai nemi lasisi ba kafin ya kashe Habila. Kuma suna da misalin da ba a iya turewa da baki. Ranar 29 ga Disamba 2019, a wani coci a White Settlement ta jihar Texas, wani mutum ya tashi ana tsaka da sujada ya harbe mutum biyu. Cikin daƙiƙa shida wani dattijo mai suna Jack Wilson, shugaban masu tsaron cocin, ya harbe shi. Akwai mutane fiye da 200 a ciki. Idan na ce bindigar Wilson ba ta ceci rayuka ba, na yi ƙarya.

Sai dai a duba da kyau. Wilson mai koyar da harbi ne, ya yi aikin sa-kai da 'yan sanda, cocin ne ya zaɓe shi ya ɗora masa aikin. Wannan ya sha bamban da "kowa ya sayi tasa". Shi kuma maharin, yana da tarihin kamu da na taɓin hankali. Tambayar da masu neman doka ke yi ita ce, ta yaya abin ya shiga hannunsa tun farko? Haka a Sutherland Springs, ita ma a Texas, ranar 5 ga Nuwamba 2017. Mutum 26 aka kashe a cocin Baptis na ƙauyen. Gaskiya ne wani maƙwabci ya fito da tasa bindigar ya harbi maharin ya kore shi, kuma jarumi ne. Amma ya iso ne bayan an gama ɓarnar. Maharin tsohon sojan sama ne da kotun soja ta taɓa ɗaurewa saboda dukan matarsa da fasa kan ɗanta ƙarami. Doka ta riga ta hana shi sayen bindiga. Rundunar ce ba ta aika sunansa cikin rumbun bayanan da ake dubawa ba. Da wani ma'aikaci ya cike fom ɗaya, da shago bai sayar masa ba. Kotu ta ɗora wa gwamnati kashi 60 cikin 100 na alhakin.

Maganar Luka 22 kuwa, ni ba ɗalibin tauhidi ba ne, amma na iya karanta sura har ƙarshenta. A wannan daren dai aka zo kama Yesu, Bitrus ya zare takobin ya sare wa wani kunne, aka tsawata masa, aka warkar da kunnen. Ni nassin da ya fi kama ni ma ba wannan ba ne. A Maimaitawar Shari'a sura 22 an umarci mai gina sabon gida ya kewaye rufin soronsa da ɗan bango, don kada wani ya faɗo alhakin jini ya hau gidan. A Fitowa 21 kuma akwai hukuncin sa mai tunkuyi: idan an san halinsa, an gargaɗi mai shi, ya ƙi ɗaure shi har ya kashe mutum, mai san ma ya shiga laifi. Ba a ce a jira zuciyar sa ta tuba ba. 'Yan'uwana Musulmi ma sun san maganar ɗaure raƙumi kafin tawakkali, ba sai na yi musu bayani ba.

Wannan hukuncin na sa mai tunkuyi kusan shi ne abin da aka nema a jihar Tennessee. Ranar 27 ga Maris 2023 aka shiga makarantar Covenant a Nashville, makarantar coci ce ta Presbyterian, aka kashe yara uku 'yan shekara tara-tara da manya uku. Ɗaya daga cikin yaran 'yar faston ce. Iyayen makarantar, da yawansu masu ra'ayin riƙau da ke zaɓen jam'iyyar Republican, suka cika zauren majalisar jihar. Brent Leatherwood, wanda a lokacin yake shugabantar sashen hulɗa da gwamnati na Southern Baptist, ɗariƙar Furotesta mafi girma a Amurka, 'ya'yansa uku suna cikin makarantar a ranar. Ya fito ya goyi bayan dokar da za ta ba alƙali damar karɓe bindiga na ɗan lokaci daga hannun wanda aka tabbatar yana shirin cutar da kansa ko wasu. Gwamna Bill Lee, shi ma ɗan Republican, shi ya kawo shawarar, ya kuma kira zama na musamman a Agusta. 'Yan majalisar jam'iyyarsa suka ƙi ko tattauna ta. Shi Leatherwood ya sha suka daga mutanen cocinsa.

Kada in ruɗe ku, nasarar waɗannan mutane ba ta da yawa. A Afrilu 2013, wata huɗu bayan Sandy Hook, ƙudurin faɗaɗa binciken masu saye ya samu ƙuri'a 54 a majalisar dattawa, ana bukatar 60, ya faɗi. Ƙungiyar masu bindiga ta NRA tana da kuɗi da masu zaɓe. Sai a Yuni 2022, bayan an kashe yara 19 da malamai biyu a Uvalde, aka samu dokar tarayya ta farko mai ɗan nauyi cikin kusan shekara 30: ƙarin bincike a kan mai saye da bai kai shekara 21 ba, da kuɗi ga jihohin da ke da dokar karɓe bindiga daga masu haɗari. Kaɗan ne. Amma wanda ya ce ihu bayan hari suke yi bai lura cewa a can hari ba ya ƙarewa ba, akwai na gaba yana tafe.

Wani abin mamaki, a cikin wannan watan na Yuni 2022 da Joe Biden ya sa hannu a dokar, a cikinsa aka kai harin Owo, a cikinsa kuma gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle ta ce jama'a su nemi lasisin bindiga su kare kansu. Kafin nan, a 2018, Janar T. Y. Danjuma ya faɗi makamancin haka a Jalingo. Na fahimci inda maganar take fitowa. Ba'amurken da ya buga waya, 'yan sanda za su zo cikin mintuna. Mutumin ƙauyen abokina zai iya bugawa har cajinsa ya ƙare. Ba zan zauna a hostal in gaya wa manomin da aka sace wa mata cewa ya ajiye bindigar tokarsa ya yi addu'a ba, ba ni da wannan fuskar.

Amma matsalarmu ba irin tasu ba ce, kuma a nan ne nake ganin mun ɗauko darasin a juye. Su doka ce ta yi sako-sako. Mu a takarda dokarmu ta 1959 tana da tsauri: bindigar yaƙi sai da izinin shugaban ƙasa, ta farauta sai da lasisin Sufeto Janar. AK-47 ɗin da ke hannun ɗan bindiga a daji ba a shago ya saye ta ba. Wata ta tsallako iyaka, musamman bayan rushewar Libiya a 2011, wata kuma daga cikin gida ta fita. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya da ya fito fili a farkon 2022 ya ce zuwa Disamba 2018 akwai makamai 178,459 na 'yan sanda da ba a san inda suke ba, 88,078 daga ciki AK-47 ne. Sake karanta adadin. Wannan ita ce tamu kafar ta kwana uku, shi ne namu fom ɗin da ba a cike ba.

Sau nawa ka ji an karanta wannan adadi a bagade ko a mumbari? Muna azumi, muna addu'ar dare, muna zanga-zangar lumana da baƙaƙen kaya bayan kowane kisa, shugabanninmu na addini su yi Allah wadai, gwamna ya zo jaje, a watse. Abin da na gani a wurin Sharon Risher da iyayen Nashville shi ne sun san lambar ƙuduri, sun san sunan shugaban kwamiti, sun san ranar zama, suna zuwa su zauna a gaba da hoton mamacinsu. Tun 2021 muna da cibiyar ƙasa ta taƙaita yaɗuwar ƙananan makamai, an kuma ba ta doka a 2024. Wace ƙungiyar addini ce take bin ta tana tambaya, bindiga nawa kuka karɓo bana, nawa kuka lalata, wa aka hukunta a kan waɗanda suka ɓata?

Sannan mu da ke cikin makaranta mu yi wa kanmu gaskiya. Ka tuna zaɓen ƙungiyar ɗalibai da ya wuce, da irin zagin da aka yi a guruf-guruf na WhatsApp. Ka tuna faɗan layin famfo, da rigimar kallon ƙwallo, da yaran da ke shan abin da suke sha a bayan hostal. Yanzu ka sa bindiga mai lasisi a ƙarƙashin katifa ɗaya cikin kowace uku. A ƙasar da rikicin kasuwa ke iya komawa na addini kafin la'asar, ni ban ga yadda coci ko masallaci zai fi zama lafiya da haka ba. A Jacksonville ta jihar Florida, a 2012, wani mutum ya harbe yaro ɗan shekara 17, Jordan Davis, a gidan mai, saboda gardama a kan ƙarar kiɗan mota. Bindigarsa mai lasisi ce. Uwar yaron, Lucy McBath, mace mai riƙo da addini, ita ma ta bi hanyar majalisa har aka zaɓe ta 'yar majalisar wakilai a 2018.

Na karanta wa abokin ɗakina wannan rubutu kafin in miƙa wa edita. Ya saurara har ƙarshe yana cin gyaɗa, sannan ya ce, "Duk na ji. Amma kafin a gano dubu ɗari da saba'in ɗin nan, mutanenmu su kwana a ina?" Na ce masa 'yan sa-kai da aka tantance, aka horar, aka san sunan kowa da lambar makaminsa, irin Jack Wilson, wannan zan iya goyon baya. Ya ce wannan ma ai bindiga ce. Na ce bindiga ce mai rajista. Ya yi dariya ya ce rajistar Najeriya.

Ranar Alhamis mai zuwa akwai taron zumuntar ɗalibai Kirista, kuma an ba ni minti goma. Na riga na rubuta 178,459 a babban kwali da maka. Na gayyace shi, ya ce zai zo ya tsaya daga bakin ƙofa idan an tashi daga lakca da wuri.